Tsakanin Jiniya da Ruwa

Wata Laraba ce a ƙarshen daminar 1978 ruwan kwazazzabo ya fara taɓa Gwaggo Hajara, mu kuwa muka yi ta dariya. Ina 'yar shekara goma lokacin, ina tsaye a saman gangare riƙe da ƙwaryarta, tare da matan da suka riga suka hau. Jiniyar kamfanin kuza ta yi kukan ƙarfe huɗu, kowa ya tattara nasa ya fito, sai ita kaɗai a ƙasa kamar kullum, tana jan ƙafarta ta hagu da ba ta lanƙwasuwa, da ƙullin baƙin yashi a ka. Ta taka dutsen farko na hawa ke nan muka ji rugugi daga wajen dam. Kafin ta jawo ɗaya ƙafar jan ruwa ya iso, ya dake ta a ƙwauri, ya jiƙe mata bakin zane, ya tafi da takalminta na roba guda. Ta bi takalmin da kallo har ya sha kwana, sannan ta ɗago ta ce mana, "Ku yi dariyarku, ku ma za ku tsufa." Mama Kaneng, wata 'yar Birom da suke wankin kuza tare tun kafin a haife ni, ta miƙa hannu ta jawo ta tana cewa da irin Hausarta, "Kai, Hajara, yau ka yi nauyi fa. Gobe sai mu ɗauke ka kamar buhun dankali." Gwaggo ta koma gida da takalmi ɗaya a ƙafa, ba wanda ya kawo komai a ransa.

Barikinmu yana bayan duwatsu, idan ka bar Titin Bauchi ka bi wata hanyar jar ƙasa da motocin kamfani suka farfashe. Layuka ne na ɗakunan kwano masu tsatsa, kowane gida da ɗan lambunsa a baya kewaye da shingen ƙerana, inda muke shuka dankalin turawa da kabeji da ɗan alayyafo. Kakanninmu daga ƙasar Kano suka zo tun zamanin da ake ɗibar mutane haƙar kuza, suka zo da niyyar shekara ɗaya, a can aka binne su. A lokacinmu kuzar ta fara ja da baya. Turawa sun tattara sun tafi sai ɗaiɗaiku, rabin motocin haƙa sun mutu ciyawa ta fito a cikinsu, mu yara muka mayar da su wurin wasan ɓuya. Amma jiniya ba ta mutu ba. Ita ke tashinmu da safe mu je famfo cikin sanyin nan na Jos da ke sa yatsu su ƙage, ita ke gaya wa Inna lokacin ɗora tukunya, ita ke kora mu makarantar boko da tsintsiyar share fili a hammata. Ko ladaninmu, Allah ya ji ƙansa, in hadari ya rufe rana jiniya yake saurare, ko da yake ba ya son a faɗa.

Ƙasa da injinan wankin kamfani akwai wani dogon kwazazzabo mai zurfi, nan ake zubar da yashin da inji ya gama tacewa. Inji ba ya iya kwashe kuzar duka, kullum sai ta ɗan tsira a cikin yashin, to wannan ragowar ita ce abincin tsofaffi da zawarawan bariki. Su sauka da ƙwarya, su tsuguna a bakin ɗan ruwan da ke tsiyaya, su yi ta juyawa har farin yashi ya fice baƙin ya kwanta a gindi. Kullum in an tashi aiki ƙarfe huɗu ƙofar dam takan buɗe da kanta, ruwa ya sauko da ƙarfi ya share kwazazzabon don a sami wurin zuba na gobe. Ba mai gadi, ba mai tsawa. Jiniya ce gargaɗin, kuma tsakanin kukanta da zuwan ruwa akwai rata da kowa ya sani a jikinsa. Matan sukan ce ta isa mutum ya yi alwala, ya yi sallah a natse, har ya ɗan ja carbi. Hanyar fita guda ce, sai ka yi 'yar tafiya a cikin kwazazzabon ka kai wasu duwatsu da ake takawa a hau. Masu ƙafa ba su damu ba. Gwaggo ce kaɗai take bukatar ratar nan kusan duka. In ta fito kafin jiniya ta rasa yashin ƙarshe, wanda ya fi kuza, in kuwa ratar ta gaza mata ba ta da ƙafar gudu.

Yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu yana shan nono. Ƙafar tata ta lalace tun tana budurwa, bangon rami ne ya rufto mata tana ɗauke da kwanon ƙasa. Mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba, ta dawo ɗakin da ke kusa da namu. Baba ya yi, ya yi ta zauna a gida ya ciyar da ita, ta ce ita da ta share masa majina ba za ta zauna tana jiran ya miƙo mata goro ba. Mace ce mai baki, ba ta raga wa kowa, in ta ga na daɗe a gaban madubi sai ta ce in daina wahalar da gilashin mutane. Amma sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka daga ita har Baba ba mai kiran sunana, shi ya ce Mamana, ita ta ce Uwata. Laraba da Alhamis da ba makarantar allo da yamma, ina ajiye jakar boko, in yi wanke-wanke, in ba awaki dusa, sai in ruga kwazazzabo in riƙe mata ƙwarya. Ladana ƙosai ne ko rake, wani lokaci kuma ranƙwashi in na zubar mata da baƙin yashi. In jiniya ta yi sai in riga ta hawa, mu zauna da sauran 'yan mata mu yi carafke da tsakuwoyin wurin, waɗanda ruwa ya goge suka yi sumul.

Baba kuwa mai gyaran lantarki ne na kamfanin, Garba Waya ake ce masa. Bai yi boko mai nisa ba, a hannun wani Bature ya koyi aikin yana yaro, amma hannunsa na da albarka, kuma ya san da haka, har sanin ya ɗan yi yawa. Abin alfaharinsa a duniya wani dogon agogo ne cikin akwatin gilashi a ofishin kamfani, wanda yake kira uwar agogo. Ya taɓa kai ni na gan ta ranar wata sallah. Tana da wani ƙarfe mai nauyi da ke lilo, da faifai mai haƙora, duk sanda haƙori ya taɓa wani ɗan harshen tagulla sai ta ce ƙyas, ta aika bugu ɗaya na lantarki ta cikin waya. Agogunan bango na duk kamfanin ba su da ran kansu, wannan bugun suke jira su matsa. Jiniya ma ƙirga shi take yi, in ya cika ta yi kuka. "Kin ga wannan, Mamana?" in ji shi. "Ita ke tuƙa mu duka, har oga." Abin da bai sani ba, ba kuma wanda ya rage a kamfanin da ya sani, shi ne Turawan da suka zo suka wuce cikin shekaru masu yawa kowa ya ɗan jona nasa a jikin wayar nan. Duk wanda yake son wani abu ya riƙa kunna kansa yana kashe kansa, sai ya ja waya ta ƙarƙashin ƙasa ya ɗora a kan bugun uwar agogo, ya binne, ya koma ƙasarsu bai gaya wa kowa ba.

A wannan daminar aka kawo sabon manaja, ɗan ƙasa, matashi mai fara'a, aka ɗora masa nauyin farfaɗo da kamfanin da ke mutuwa. Ba mugu ba ne, ina so a san wannan. Akwai wani injin tankaɗe da bakinsa ke buɗewa ya zubo yashi duk sanda bugun ya zo, oga ya ga in bakin zai riƙa buɗewa akai-akai za a tace yashi da yawa a wuni. Daidai shi ne a sayo wa injin nasa agogon daban, amma ba halin yin oda daga waje. Sai Baba ya ce a bar masa. Ya yi kwanaki yana zama a kan tabarma a tsakar gida bayan la'asar, da magagari da guntun tagulla, yana goge wasu 'yan haƙora, ni ina hure masa garin. Ya ƙara su a faifan uwar agogo, bugun ya ƙaru. Ya kuma san agogunan bango da jiniya za su ruga gaba, don haka ya ƙera musu wani ɗan faifai da ke haɗiye bugun da ya ƙaru ya bar musu na asali. Dabara ce mai kyau ƙwarai, har yau ina faɗa. Agogo na nan daidai, jiniya na kuka a kan lokacinta, injin tankaɗe na ta zuba. Oga ya zo har ƙofar gidanmu da mota ya yi godiya, Inna ta yi sati tana ba maƙwabta labari. Ranar Talata aka gama aikin, washegari takalmin Gwaggo ya tafi.

Daga nan ƙananan abubuwa suka fara lalacewa a bariki, kowanne da wanda aka ɗora wa laifinsa. Famfonmu guda ne a tsakiyar layuka, injin da ke turo masa ruwa yana tashi da jiniyar safe, ya yi aiki na wani lokaci ya tsaya da kansa. Da can har na ƙarshen layi yana cika bokitinsa. Yanzu sai ruwan ya ɗauke da sauran mutane a tsaye, aka fara faɗa, aka fara ajiye dutse da tsohon gwangwani tun asuba don kama layi. Ni kaina na yi dambe da wata yarinya a kan wuri, ta yage mini rigar makaranta, Inna ta ƙara mini da nata dukan, na isa makaranta a makare na sha na uku. Mata suka ce 'yan layin sama ne ke ɗiba da garewani, 'yan layin sama suka ce kamfani ne ya talauce yake rowar ruwa. A kantin leburori tukunyar lantarki ta dafa shayi ta riƙa mutuwa kafin ruwa ya tafasa, aka yi ta zagin kuku har ya yi fushi ya bar aikin. Fitilar bakin bariki, wadda muke gaɗa a ƙarƙashinta bayan magariba, ta riƙa ɗaukewa muna tsakiyar waƙa, iyaye suka ce gara haka. Baba da kansa aka kira ya duba injin famfo, ya kwance shi ya ɗaura bai ga komai ba, don lafiyarsa ƙalau. Ƙirga yake yi yadda aka saita shi, abin ƙirgawar ne ya ƙara sauri.

A kwazazzabo ma kowa ya ji canjin, amma ba wanda ya tsaya ya ce ga abin da ke faruwa. Yara maza suka sami sabon wasa, su tsaya a ƙasa bayan jiniya sai sun ji rugugi su kwasa da gudu, wanda ruwa ya taɓa shi ne rago. Mata masu ƙafa suka ɗan ƙara sauri ba su ma san sun ƙara ba. Gwaggo kuwa ta ɗora laifin a kan gwiwarta. Ta daina tsayawa ɗaure ƙullinta da kyau, ta daina wanke hannu a ƙasa, ta riƙa isowa sama tana haki leɓenta ya yi fari. In muka koma gida in shafa mata man kaɗanya a gwiwar, ta ce kada in gaya wa Baba don zai hana ta sauka. "Jikin ne ya fara sallama, Uwata," in ji ta, "jiniya ba ta ƙarya." Ni dai na lura carafkenmu da muke farawa da jiniya mu gama kafin ruwa, yanzu ba ya kai ƙarshe. Na faɗa wa Baba wata rana yana cin tuwo, na ce ruwan dam yana riga lokacinsa. Ya dubi agogon hannunsa ya ce jiya ma ya gwada jiniya, daidai take. Ya ce ƙofar dam ai tata na'urar daban ce, tana can gindin dam, ba abin da ya haɗa ta da ofis. Haka Baturen da ya koya masa aiki ya gaya masa, haka ya yarda. Ya ba ni ƙashin da ke cikin miyarsa, ya ce hannuna ne ya yi sanyi a carafke.

Da oga ya ga kuza ta ƙaru sai ya tambaya ko za a iya ƙarawa kaɗan. Baba ya sake zama da magagarinsa. Wata Alhamis da safe ya fita da sababbin haƙoran naɗe a ƙyalle cikin aljihu, yana ta raha, har ya tsokani Gwaggo a bakin ƙofa ya ce in kamfani ya farfaɗo zai saya mata takalmi mai igiya wanda ruwa ba ya ɗauka. Ta ce ya fara sayo wa kansa hankali tukuna. Maganarsu ta ƙarshe ke nan.

Da yammar ranar sama ta yi wasai, duwatsu sun yi kore shar. Yashin da ya zubo ya yi baƙi sosai, matan na ta murna. Jiniya ta yi kuka. Gwaggo ta miƙo mini ƙwarya ta ce in yi gaba, na ruga na hau na zauna na zube tsakuwoyina. Na fara jifa ke nan na ji rugugin. Na ɗauka motar kamfani ce, don lokacin ruwa bai yi ba, ko kusa. Sai na ji Mama Kaneng, wadda ita ma a kan duwatsun hawa take, tana ƙwala ihu, "Hajara, yar da kaya! Yar da kaya!" Na leƙa. Gwaggo tana tsakiyar kwazazzabo, ko rabin hanya ba ta yi ba. Ta juya ta dubi ruwan, ta juyo ta dubi sama wajenmu. Ba ta yar da ƙullin ba. Ina jin ba ta yarda da idonta ba ne, shekara da shekaru jiniya ba ta taɓa cin amanarta ba. Ta ɗaga ƙafar mai lafiya ta yi wani taku mai faɗi irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba. Ruwan ya dake ta a ƙugu. Na ga shuɗin zanenta ya juya, na ga tafin ƙafarta, daga nan sai jan ruwa kawai.

Leburori suka same ta kafin magariba, can ƙasa inda kwazazzabon ya buɗe ya zama fadama, ta maƙale a saiwar wata bishiya, bakinta cike da yashi. A kan ƙyauren wani ɗaki aka kawo ta, Baba yana tsaye a tsakar gida da buta a hannu zai yi alwala. Bai yi kuka ba sai washegari da aka zo ɗaukarta. Mutane suka yi ta cewa tsufa ne, ƙafar ce, an sha gaya mata ta daina. Wasu suka ce laifin Baba ne da ya bar ta tana sauka, shi ma ya karɓi wannan laifin yana ganin shi ne nasa. Ni ba wanda ya tambaye ni.

Ranar sadakar uku gida ya cika, ruwa ya ƙare, aka aike mu famfo muka dawo da bokitai wayam. Mata suna ta mita a tsakar gida, wata ta ce tun ranar Alhamis abin famfon nan ya ƙara lalacewa. Mama Kaneng, da ta zo gaisuwa ta zauna a bakin ƙofa, ta ce, "Ruwan dam ma haka. Ranar nan jiniya bai gama rufe baki ba, ruwa ya zo. Ni na ce ma ku ba ƙafa ba ne." Maza suna zaune a kan tabarmi a waje, zana ce kawai tsakani. Sai ga Baba ya leƙo, ya tambayi matar da ta yi maganar famfo wace rana ta ce. Ta maimaita. Ya tambaya yaushe famfon ya fara ragewa tun farko. Inna ta ce ai tun satin da oga ya zo da mota. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da tasa ta yi ba. Ya bar masu gaisuwa a zaune, ya ɗauki diga ya fita ba takalmi.

Daga bayan ofis ya fara tono yana bin waya, wasu leburori suka taya shi ba su san me ake nema ba. A cikin ciyawa, ƙarƙashin wani murfin ƙarfe da tururuwa suka yi gida a kai, suka sami inda wayar ta rabu. Reshe ya nufi injin famfo, reshe ya nufi kanti, reshe ya nufi fitila, wani mai kauri kuma ya miƙe zuwa dam. Na'urar ƙofar tana gindin dam kamar yadda aka gaya masa, amma ba ta da agogon kanta. Jiniya ce ke tashinta, sai ta ƙirga bugun uwar agogo, in ya cika ta saki ruwa. Baba ya tace wa agogo da jiniya bugunsu, na'urar ƙofar kuwa ɗanyen take sha. A ranar ya buɗe akwatin gilashi ya cire duk haƙoran da ya ƙara, bai nemi izinin kowa ba. Oga ya zo da faɗa, aka nuna masa ramin, ya cire hularsa, ya juya.

Laraba ta zagayo, ba macen da ta koma kwazazzabo tukuna. Na dawo daga boko Baba ya ce in bar wanke-wanken in biyo shi. Muka sauka har inda Gwaggo take tsugunawa. Ya cika ƙyalle da jiƙaƙƙen yashi, ya ɗaure gwiwarsa ta hagu da sanda da igiya don kada ta lanƙwasu. Sannan ya ce, "Mamana, ke kika san tafiyar Yaya. Hau sama ki bi bakin gangare. In jiniya ta yi ki riƙa gaya mini yadda take yi da can, in na yi sauri ki tsayar da ni." Yarinya ce ni, amma na gane abin da yake so ya sani, na kuma gane amsar da yake roƙon Allah ya ba shi. In ruwa ya cim masa duk da ya mayar da komai yadda yake, to ƙafar ce, tsufan ne, ba hannunsa ba.

Jiniya ta yi. Na ce ya ɗaure ƙullin da kyau, ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya yi bisimilla ya ɗora kaya. Ya yi. Ya fara jan ƙafa a cikin yashi, babban mutum mai gemu yana tafiyar yayarsa, ni ina bin sa ta sama. Na ce ya rage, ya rage. A wajen wani babban dutse na ce a nan take jingina ta zagi gwiwarta. Ya jingina, bai zagi komai ba. Ina ta kasa kunne wajen dam, ina roƙo a zuciyata ruwan ya zo, ko idon sawunsa ne ya taɓa. Da ya kusa duwatsun hawa na ce masa a nan ma tana hutawa, alhali ba ta taɓa tsayawa a wurin ba. Ya ɗago ya dube ni, ya tsaya ɗin. Shiru, sai kukan tsuntsaye. Ya hau duwatsun ɗaya bayan ɗaya yana jan ƙafar, ya iso sama. Ya sauke ƙullin, ya kwance igiyar, ya zauna kusa da ni a kan ciyawa. Muka jira. Na kusa sittin yanzu, ban taɓa jin lokaci mai tsawon wannan ba. Sai da numfashinsa ya dawo daidai, sai da wata akuya ta zo ta shinshina ƙullin ta wuce, sannan rugugin ya taso. Ruwan ya wuce ta ƙarƙashinmu bai sami kowa ba. Baba ya sa fuskarsa cikin tafin hannunsa ya ce, "Da ta iso. Da har goro ta ci."

Ƙarshen watan ya bar aikin. Muka tashi daga bariki muka koma cikin gari, ya kama ɗan shago a Titin Bauchi yana gyaran risho da fitilar ƙwai da dutsen guga, abubuwan da in ka taɓa ka san iyakar abin da ka taɓa. Agogo kuwa ko an kawo sai ya ce a kai gaba. Malamai da 'yan uwa sun yi masa nasiha, Inna ta yi ta ce masa kwananta ne ya ƙare. Yakan ce, "Na yarda ƙaddara ce. Amma da hannuna ta zo." Bai ƙara tsokanar kowa ba. Ya rayu shekaru da yawa bayan haka, mutum mai shiru, shi ƙannena suka sani, in na ce musu da can ubanmu mai ban dariya ne ba sa yarda.

Yanzu barikin babu shi. Kamfanin ya mutu duk da haka, an kwashe kwanon ɗakunan, kwazazzabon ya cike ya zama lambun tumatir da ake kaiwa kasuwar Farin Gada. Ɗana na biyu aikin kwamfuta yake yi. Kwanakin baya yana ba abokinsa labari a falona, ina tsince shinkafa, wai a cikin kowace kwamfuta akwai ɗan bugu da komai ke ƙirgawa, in ka ƙara masa sauri don aiki guda, ko ka gyara agogon da ake gani, sai wasu abubuwa can ciki da ba ka san suna saurarensa ba su riƙa yankewa kafin lokacinsu. Suna dariya, wai sai ka kashe ka kunna komai ya dawo. Na ajiye shinkafar na shiga ɗaki. Yau kowa da agogonsa a waya, ba unguwar da ke tashi da murya ɗaya, ba mai jingina ransa da kukan jiniya, ta wannan wajen sun fi mu tsira. Amma ina kewar Gwaggo da bakinta, ina kewar Baba na kafin wannan Alhamis. Ba wanda ya yi niyyar ɗauke mata komai. 'Yan mintuna ne da aka ɗauka ba su da mai su, ashe nata ne.